Yadda Ake Kai Ayari Ziyarar Yini Ɗaya a Kaburburan Fir'aunoni da Haikalan Luksor

Luksor, wadda Larabawa ke kira Al-Uƙsur, tana kudu da Alƙahira da tazarar kilomita wajen 650. Jirgin sama yana cin awa ɗaya, jirgin ƙasa kuma awa tara zuwa goma. Kogin Nilu ya raba ta gida biyu. A gaɓar gabas akwai gari da manyan haikalai biyu, Karnak da haikalin Luksor. A gaɓar yamma, inda rana ke faɗuwa, nan mutanen zamanin da suka ware wa matattunsu, nan kuma Kwarin Sarakuna yake, inda aka yi kusan shekara 500 ana binne Fir'aunoni na gidajen sarauta na 18 da 19 da 20.

Wannan bayani na wanda aka ɗora wa nauyin ƙaramin ayari ne, iyali ko ɗalibai ko abokan tafiya, daga mutum 4 zuwa 12, kuma yini ɗaya tak gare su. Abin da ke gyara irin wannan yini ko ya ɓata shi abu biyu ne: lokacin da aka fita, da wuraren da aka yarda a bari. Wanda ya ce sai ya ga komai zai koma masauki da ciwon kai, kuma ba zai iya bambance kabari ɗaya da wani ba.

Kayan da za a tanada

Fasfo na kowa, ko hotonsa a waya. Ɗalibi ya riƙo katin ɗalibai na duniya, domin ana rage masa rabin kuɗin shiga, amma akwai iyakar shekaru, kuma katin da wa'adinsa ya ƙare ba a karɓarsa.

Katin banki mai aiki a ƙasar waje. Wannan shi ne babba. Manyan wuraren tarihi na Masar sun daina karɓar tsabar kuɗi a tagar tikiti, sai kati. Ka gwada naka a wani shago kwana ɗaya kafin ranar, ka kuma riƙe na biyu daga wani banki dabam. Idan babu kati a ayarin, ka shirya da jagora ko kamfanin ziyara su saya muku, ku ba su tsaba, amma su nuna maka farashin hukuma tukuna.

Canjin fam ɗin Masar ƙanana, don banɗaki da kuɗin fito da ɗan abin goro da ake kira bakshish. Raba su a aljihu biyu, kada ka riƙa fito da damin kuɗi gaban jama'a.

Ruwa lita 2 ga kowane mutum a lokacin sanyi, lita 3 ko fiye da zafi. Malafa ko lema. Takalmi rufaffe mai riƙe ƙasa, saboda wasu kaburburan gangara ce ta katako wadda sawun mutane ya goge ta yi santsi. Silifas da takalmi mai tsini ba su dace ba. Tufafi marasa nauyi, da rigar sanyi ɗaya idan a Disamba ko Janairu ne, don asubahin Luksor yana da sanyi sosai. Dabino ko biskit, gishirin haɗin ruwa na masu gudawa, maganin ciwon kai, da maganin duk wani mai ciwon suga ko fuka ko hawan jini a hannun mai shi, ba a cikin mota ba.

Jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto kuwa kada ma ya shigo ƙasar tare da ku. An hana, kuma ana ƙwacewa.

1. Zaɓen rana

Daga Oktoba zuwa Afrilu ne lokacin da ya fi. Daga Yuni zuwa Agusta zafi yakan wuce digiri 40, kuma Kwarin Sarakuna farin dutse ne zalla mai mayar da hasken rana a fuska. Idan dole sai a lokacin, to a gama duk gaɓar yamma kafin ƙarfe 11. A watan azumi ana rage lokutan buɗewa, don haka ka tambaya. Idan ranar Juma'a ce, ka faɗa wa direba tun farko inda kuke son yin salla.

2. Ɗaukar jagora da mota

A Masar aikin yi wa baƙi bayani a wuraren tarihi na masu lasisin ma'aikatar yawon buɗe ido ne, kuma suna rataye katinsu. Ko kai masanin tarihi ne, matsayinka shugaban ayari ne da tafinta. Ka ɗauki jagora mai Larabci ko Turanci, wanda ka fi ji, kai kuma ka riƙa mayarwa da Hausa ga waɗanda ba su ji ba. Ka faɗa masa haka tun farko, domin fassara tana ninka lokacin bayani, sai ya riƙa taƙaitawa yana tsayawa bayan kowace jimla uku ko huɗu.

Kafin ka ba da ko sisi, a rubuta waɗannan a saƙon waya: wuraren da za a je ɗaya bayan ɗaya, ƙarfe nawa za a ɗauke ku, ko kuɗin ya haɗa da tikiti, kuma waɗanne tikiti, ko ya haɗa da abincin rana, ko motar tana da na'urar sanyi mai aiki. Kalmar "duk kuɗin shiga" a bakin kamfani yawanci tikitin gama-gari take nufi, ban da kaburbura masu tikiti na musamman. Nan ne rigima ta fi tashi.

Sai maganar shaguna. Yawancin masu kai ziyara suna da la'ada a wuraren sassaƙa dutsen alabasta da ke hanyar kwarin, kuma tsayawar da aka ce ta minti goma takan cinye minti arba'in na sanyin safiya. Idan ayarinka na son tsaraba, ka yarda, amma a mayar da ita bayan an gama kaburbura. Idan ba sa so, ka faɗa a fili tun daren.

Idan kuɗi bai kai na jagora na yini guda ba, ka ɗauki tasi na rabin yini a gaɓar yamma, ka ɗauki jagora don Kwarin Sarakuna da Karnak kawai. Sauran wuraren mutum zai iya yawo a cikinsu da ɗan karatun da ya yi.

3. Haye kogi

Hanya biyu ce. Mota takan bi ta gada da ke kudu da gari, abin da ke cin minti 40 ko kusa da haka zuwa kwarin. Ko kuma a hau jirgin fito na jama'a da ke tashi daura da haikalin Luksor, ko a yi shatar ƙaramin jirgi mai inji, a haye cikin 'yan mintuna, mota ta tare ku a can. Ga ayari masu ƙarfi a jika fito ya fi sauri da arha. Idan akwai dattijo mai ciwon gwiwa, a bi gada, don hawa da sauka a bakin ruwa suna da wuya. Da mai shata a gama ciniki kafin a taka jirgin, a kuma tabbatar kuɗin na ayari duka ne ba na kowane kai ba.

Ku fita bayan sallar asuba. Ana buɗe kwarin da ƙarfe 6, kuma burinka ku kasance cikin na farko. Daga wajen ƙarfe 9 manyan motocin baƙi suke cika wurin, daga baya kuma masu zuwa daga Hurghada, garin shaƙatawa na bakin Bahar Maliya, su iso.

4. Kwarin Sarakuna

Nan za ku fi daɗewa, awa biyu zuwa biyu da rabi. Bayan 'yar kasuwar da ke bakin ƙofa akwai zauren baƙi, a tsakiyarsa an kafa siffar kwarin da abu mai garai-garai, ana ganin yadda kowane kabari ya nutsa ƙarƙashin dutse. Ka tsayar da mutanenka minti biyar a nan, su leƙa ta ƙasa. Daga nan a sayi tikiti, a hau ƙaramar motar da ake kira taftaf zuwa ƙofar ciki. Duk tikitin da kuke so ku saye shi yanzu. Wanda ya tuna daga baya sai ya dawo baya.

Kaburburan sun fi 60, kowanne da lambarsa bayan haruffan KV, amma kaɗan ne a buɗe, kuma ana juya su don a hutar da zanen. Tikitin gama-gari na kabari uku ne. Mai gadi zai huda shi a kowace ƙofa, huda uku ya ƙare. Kuskuren da baƙo ya fi yi shi ne ya faɗa ukun farko da ya gani. Ka duba allon waɗanda ke buɗe, ka zaɓa kamar haka.

Na Ramsis na 4, wato KV2, yana kusa da ƙofa, tsawonsa bai kai mita 90 ba, hanyarsa miƙaƙƙiya ce mai faɗi, launinsa na nan da ƙarfinsa, ga ƙaton akwatin gawa na dutse a ƙarshe. Da shi ya kamata a fara, kuma shi ne na tsofaffi. A bangon mashiga akwai rubuce-rubucen Kiristocin Ƙibɗawa da suka taɓa zama a ciki. Na Ramsis na 9, KV6, shi ma mai sauƙi ne, amma da yake a bakin hanya yake ya fi kowanne cunkoso.

Na Ramsis na 3, KV11, shi ne a ganina mafi kyau a cikin na gama-gari. Ya fi mita 180. A ƙananan ɗakunan gefe akwai zanen makamai, kayan ɗaki, jiragen ruwa, da makaɗan garaya biyu da suka sa kabarin ya yi suna. A tsakiyar tafiya za ka ga hanya ta karkace dama: masu haƙa ne suka fasa cikin kabarin wani sarki, Amenmesse, sai suka kauce. Nuna wa mutanenka wurin, yana sa su tuna mutane ne suka yi aikin da guduma da kurfi.

Na Merenptah, KV8, dogo ne mai gangara sosai. Sauka ba wuya, hawowa ne ke fitar da gumi. Kada mai hawan jini ko fuka ya shiga. Na Tausert da Setnakht, KV14, yana can ƙarshen kwarin, don haka mutane ba su cika isa ba, ga shi da ɗakin binnewa biyu.

Sai masu tikiti na musamman. Idan ɗaya kawai za ku ƙara, ku ƙara na Ramsis na 5 da na 6, KV9: kuɗinsa kaɗan ne, kuma rufin ɗakin binnewarsa, inda aka zana Nut, gunkiyar sama a wurinsu, tana haɗiye rana da yamma tana haihuwarta da safe, ya isa dalilin zuwa kwarin. Na Seti na 1, KV17, wanda Baturen Italiya Belzoni ya gano a 1817, shi ne mafi kyawun sassaƙa kuma mafi tsada nesa ba kusa ba. Mai hali ya shiga, ba zai yi da na sani ba. Na Tutankhamun, KV62, wanda Baturen Ingila Howard Carter ya gano a Nuwamban 1922, ƙarami ne ƙwarai, ɗaki ɗaya ne kawai mai zane, kuma dukiyar da aka samu a ciki, kaya fiye da 5,000, an kwashe ta zuwa gidan tarihi. Gawar yaron sarkin ce ake gani cikin akwatin gilashi. Ka gaya wa mutanenka haka kafin su biya, don kada su shiga suna neman zinariya.

Ba a yarda jagora ya yi bayani a cikin kabari ba. Dalilin kuwa, tsayuwar taro tana tara numfashi da gumi, danshin yana shiga dutse ya tayar da gishiri, fenti ya ɓare. Saboda haka a rumfar da ke waje za a yi duk bayani, da hotuna a hannu. Ka roƙi jagora ya ba ku abu uku kacal da za ku nema a kowane kabari, fiye da haka mantawa ake. Ka kuma koya wa mutanenka alamu biyu: zoben nan mai tsawo kamar ƙwai da aka zagaye rubutu da shi, sunan sarki ne a ciki, jirgin ruwa mai ɗauke da mutum mai kan rago kuma rana ce a tafiyarta ta awanni 12 na dare, wadda suka yi imani sarki yana bi. Da waɗannan biyun bangon ya daina zama tarin zane kawai.

Ba a taɓa bango, ba a jingina. Hoto da waya ya halatta ba tare da walƙiya ba. Babbar kyamara a tambaya a tagar tikiti. Mai gadi zai iya cewa ka zo ya nuna maka wani lungu, ko ya karɓi wayarka ya ɗauko maka hoto bayan shinge. Duk wannan da kuɗi a ƙarshensa. In ba ka so, ka ce "la, shukran", wato a'a, na gode, ka wuce, ba sai da faɗa ba.

Tambayar da ba ta taɓa rasa mai yi a ayarin Musulmi ita ce, ina Fir'aunan Annabi Musa? Amsa ta gaskiya: masana ba su haɗu a kan suna ɗaya ba, an fi ambaton Ramsis na 2 da ɗansa Merenptah, kuma gawarwakinsu ba sa nan. Tun zamanin da, limaman lokacin suka kwashe gawarwakin sarakuna suka ɓoye saboda ɓarayi, aka gano babbar maɓoyar a Deir el-Bahari, kusa da haikalin Hatshepsut, a 1881. A Afrilun 2021 aka mayar da guda 22 gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ a Alƙahira. Mai son ganinsu can zai je.

5. Haikalin Hatshepsut

Minti goma zuwa sha biyar ne a mota, a bayan dutsen da ya kare kwarin. Awa ɗaya ta isa. Haikalin hawa uku ne, yana fuskantar gabas, babu inuwa a filinsa, don haka a isa kafin 9:30. Kada a ɓata ƙarfi a hawan farko. A hau na biyu a yi hagu: nan aka sassaƙa tafiyar fatauci da wannan sarauniya ta aika ƙasar Punt, ga jirage ana loda musu itatuwan turare da saiwarsu a cikin kwanduna, ga bukkoki a kan turaku. A ƙarshen hagu akwai ɗakin gunkiya Hathor mai ginshiƙai da fuskar mace da kunnen saniya, a ƙarshen dama kuma na gunki Anubis, wanda launinsa ya fi saura. Inda ka ga an kankare siffar mutum daga bango, aikin da aka yi ne a zamanin Thutmose na 3 don shafe sunanta.

6. Madinat Habu da gumakan Memnon

Kamfanoni da yawa ba sa saka Madinat Habu, kuma asara ce. Haikalin Ramsis na 3 ne, babu cunkoso, akwai inuwa, sassaƙarsa mai zurfi ce har hannu zai shige, fentin da ke ƙarƙashin rufin fili na biyu kamar bai shekara dubu uku ba. A bangon arewa ta waje akwai yaƙin ruwa da maharan da ake kira mutanen teku, a ciki kuma marubuta suna ƙirga tarin hannayen waɗanda aka kashe. Ka tambayi jagora tun daren inda ake sayar da tikitinsa, domin wasu wuraren gaɓar yamma akan sayi nasu a ofishi guda da ke kusa da gumakan Memnon.

Idan akwai yara ƙanana ko an ga alamar gajiya, a tsallake shi. Kabarin Nefertari, matar Ramsis na 2, a Kwarin Sarauniyoyi kuwa ana rufe shi ana buɗewa saboda gyara, kada ka yi wa kowa alkawarinsa sai ka tabbatar.

Gumakan Memnon biyu suna bakin titi, kyauta ne, minti goma. Siffar Amenhotep na 3 ce, kowanne wajen mita 18, da can suna gadin ƙofar haikalinsa da ya rushe.

7. Hutun rana

Daga 12 zuwa 2:30 a ci abinci, a yi azahar, a kwanta in da hali. Kada ka yarda a cike wannan lokaci da wani wuri. Wanda ya daina gumi, ko ya ce jiri yake ji ko tashin zuciya, a kai shi inuwa, a jiƙa masa kai da wuya, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. In ya fara ruɗewa a magana, asibiti kai tsaye.

8. Karnak

A shiga da ƙarfe 3, don ana rufewa wajen ƙarfe 5. An yi kusan shekara 2,000 ana ƙara gini a nan, ba mai gama shi a awa biyu, saboda haka a bi layi ɗaya miƙe. Bayan jerin gumaka masu kan rago, da ka wuce babbar ƙofa ta farko ka waiwaya dama: ga tudun tubalin laka jingine da bango, ragowar gangarar da magina suka jawo duwatsu a kanta, ba a gama aikin ba aka bar ta. Gaba kaɗan sai zauren ginshiƙai 134 na Seti na 1 da Ramsis na 2, guda 12 na tsakiya sun kai mita 21. Ka ba mutanenka minti 20 su yi yawo su kaɗai, amma ka sa wurin haɗuwa, don ɓacewa a nan abu ne mai sauƙi. Daga nan dogon dutse mai tsini na Hatshepsut, kusan mita 30 daga dutse guda, sai tafkin da limamansu ke wanka, a juyo.

9. Haikalin Luksor

Shi ake bari ƙarshe domin yana buɗe har dare kuma ana haska shi da fitilu. Tsakaninsa da Karnak akwai titin gumaka mai tsawon kilomita 2.7 da aka sake buɗewa a 2021, amma bayan yini irin wannan mota ta fi. Idan keken doki za a hau, a yi ciniki a ƙasa, a ambaci cewa fam ɗin Masar ake nufi.

A ƙofa dogon dutse mai tsini ɗaya ne ya rage, ɗan'uwansa an kafa shi a birnin Faris na Faransa tun 1836. A fili na farko ka ɗaga kai hagu: masallacin Abul Hajjaj ne zaune a kan ginin, tsohuwar ƙofarsa can sama ba matakala, domin lokacin da aka gina shi ƙasa ta binne haikalin har zuwa wurin. Masallacin yana aiki, amma ta ɓangaren gari ake shigarsa, kuma wanda ya fita daga haikalin tikitinsa ya ƙare. Don haka ko dai a yi magariba tukuna a shiga, ko a gama zagaye a fita a yi. Minti 45 zuwa awa ɗaya ya wadatar.

10. Sallama da biyan kuɗi

Ragowar kuɗin jagora da direba a biya a ƙarshe, bayan an sauke ku a masauki. Bakshish al'ada ce a can: ka tara daga ayari tun safe, ka ba jagora nasa, direba nasa a hannunsa dabam, kada ka haɗa ka ce su raba. Kafin motar ta tafi a duba ƙarƙashin kujeru.

Idan wani a ayarin ya sayi abin da mai talla ya rantse masa na asali ne daga kabari, kusan koyaushe sabon sassaƙa ne da aka tsufar da shi. Idan kuma na gaske ne, dokar kayan tarihi mai lamba 117 ta 1983 ta haramta cinikinsa da fita da shi, kuma ana bincike a filin jirgi. Ko ɓallen dutse ko tsingaro da yaro ya tsinta a ƙasa a cikin wuraren nan, a sa ya ajiye shi inda ya gan shi kafin a fito.